Muryar Baba Akawu a Bayan Katanga

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na ɗauki kaskon wuta na shige gaban matan layinmu zuwa korar aljani ba, ko da zan manta hanyar garinmu. Har yau in na ji ƙamshin tazargade sai in sunkuyar da kai, ba don tsoro ba, don kunya. Bari in faro muku daga tushe, don in na yanko daga tsakiya za ku ce dama can ba ni da hankali, alhali kuwa da ɗan saura.

Ni dai karatuna bai yi nisa ba. A aji uku na firamaren ƙauyenmu na tsaya, abin da na tsira da shi bai wuce rubuta sunana ba, shi ma sai na ciji leɓe. Abin da Allah Ya ba ni kunne ne. Muna zaune a Gyaɗi-Gyaɗi, a wani lungu bayan masu faci, kuma ni ba mai yawo ba ce, ɗinkin hula nake yi a tsakar gida. Amma daga kan tabarmata na san abin da layin yake ciki. In Adaidaita Sahu ya kunno kai, na san ko na maigidana ne ko na wani tun bai tsaya ba. In aka yi daka, na san turmin wace ce, na san ko da fushi take dakan. Ladidi mai kitso, maƙwabciyarmu ta gaba, takan ce ni ce rediyon unguwa, mai kama tasha ba eriya. (Ina ta jin daɗin kirarin nan, ban san ajiye mini shi ake yi ba sai ranar da za a yi mini dariya da shi.)

Mutum ɗaya ne a duniya ba na hira da shi, shi ne ɗana na fari. A garinmu haka muka taso muka gani: uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta zama ta baje da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Kowa Abba yake ce masa, ni ko Abban ba ya fita a bakina, sai dai "kai" ko "yaron nan". Ko ni ma Maman Husna ake kirana, da sunan ƙanwarsa. Ina son yaron nan kamar raina, amma maganata da shi ba ta wuce "ga abincinka" da "ka yi salla?" ba. Shi kuma da ma ba mai surutu ba ne. Amsarsa "to", in ta yi tsawo "to, Umma".

Yana shekara goma sha uku, a ƙaramar sakandare, aka aiko a kira babansa. Malamin ajinsu ya ce yaron yana da natsuwa, amma in aka ce ya tashi ya karanta sai ya sandare kamar an dasa shi, kuma sakamakonsa kullum a ƙasa. Da maigidan ya dawo ya zauna a bakin ƙofa ya cire hula ya ce, "Wannan zangon ne na ƙarshe. In aka sake kawo mini irin wannan, garejin Oga Sale zan kai shi a Tarauni. Gara ya iya riƙe sifana da ya yi ta ɗumama wa mutane benci."

Ban ce komai ba, don ba a taya ɗan fari faɗa. Amma a raina ban yarda ba. Ba wai sana'a abin kunya ba ce. Ni dai na san yadda ake ji in saƙo ya shigo wayarka ka fita neman wanda zai karanta maka sirrinka, kuma na yi rantsuwa a zuciyata yaron nan ba zai yi irin wannan rayuwar ba.

Sai na ɗaura ɗamarar taimako, irin nawa. Na sa aka sayo ɗan tebur a kasuwar Tarauni, na saka a ɗakinsa. In ya shiga da littafi sai in ja ƙofa, in kashe rediyo, in kori Husna, har kaji nake kora. Kuma na kafa doka. Ni a iya ganina, duk wani mai boko da na taɓa gani, likita ne ko ma'aikacin banki, da ido yake karatu, bakinsa a rufe, fuska a murtuke. Masu ɗaga murya 'yan makarantar allo ne. Don haka duk lokacin da kunnen nan nawa ya jiyo yaron yana ɗan motsa baki a ɗaki, sai in ƙwanƙwasa ƙofa in ce, "Kai, nan ba makarantar allo ba ce. Boko da ido ake yi." Sai ɗakin ya yi tsit. Ni kuma in koma kan hulata ina yaba wa kaina, wai ga uwa mai tsaya wa ilimi.

To, katangarmu ɗaya da gidan Baba Akawu. Tsohon ma'aikacin gwamnati ne da ya yi ritaya tun kafin mu zo unguwar, shi da matarsa Hajiya Tabawa, wadda ciwon suga ya tafi da ganinta. 'Ya'yansu duk suna wasu garuruwa, sai jika ɗaya da ke kwana da su, ita ma ba ta dawowa daga makaranta sai yamma. Kullum bayan azahar Baba Akawu zai zauna a kujerarsa ta katako ya karanta wa Hajiya littafi. (Wannan ban ɗauke shi a karya dokata ba, na ce lalura ce, tunda matar ba ta gani.) Tagar ɗakin tana kallon katangarmu, daidai inda inuwar darbejiya take faɗowa, inda nake ɗinki. Shekara da shekaru ina shan labari kyauta. Na haddace yadda yake yi. Kujera za ta yi ƙara, ya yi gyaran murya, ya ce, "To, Hajiya, ina muka tsaya?" In zai juya shafi sai ya ɗan ja numfashi. In labari ya zo wurin mamaki sai ya buga hannun kujera ya ce, "Allah mai iko."

Da shigowar bazara Baba Akawu ya kwanta, bai tashi ba. Aka yi jana'iza, aka yi zaman makoki, baƙi suka watse, Hajiya ta shiga takaba. Bayan katangar nan ya yi shiru irin wanda har kunne yake yi wa ciwo.

Ranar da abin ya fara, rana ce irin wadda ko ƙadangare ba ya son taka ƙasa. An ɗauke wuta, ba fanka, ba injin markaɗe, ba mai talla. Maigidan yana kan titi, Husna ta yi barci a kan siminti, yaron nan kuma ya ci abinci ya ce "na fita", kamar yadda ya saba, na ɗauka ƙwallo ya tafi. Kun san dai abin da manya suke faɗa a kan tsakar rana, lokacin da mutane suke shiga ɗaki, waɗancan kuma suke fitowa. Kurciya ɗaya ce take kuka a kan darbejiya, ita ma sai ta yi shiru.

Sai kujera ta yi ƙara.

Na tsayar da allura. Na ce wataƙila Hajiya ce ta lallaɓa ta zauna. Sai aka yi gyaran murya. Muryar namiji, mai ɗan kauri, tana fitowa a hankali kamar daga cikin rijiya.

"To, Hajiya, ina muka tsaya?"

Allurar ta shige yatsana ban ji zafi ba. Ina zaune, gumin da ke bayana ya koma sanyi. Aka fara karatu, kuma labarin da na sani ne, na wani mai fatauci da ya ɓata a daji, wanda Baba Akawu ya bari a tsakiya kafin ya kwanta. Daga daidai wurin aka ɗauka. Jan numfashin nan kafin a juya shafi yana nan. Can sai na ji an buga hannun kujera, an ce, "Allah mai iko." Ban san lokacin da na kwashi Husna na shige ɗaki na sa sakata ba. Hular da nake ɗinkawa a nan ta wuni, akuya ta tauna gefenta.

Da maigidan ya dawo na faɗa masa. Bai ko ɗago daga kwano ba.

"Wanda ya mutu ya mutu. Rediyo ce."

"An ɗauke wuta."

"Mai batir."

"Rediyo ce take tambayar Hajiya inda aka tsaya?"

Ya ce in rage shan shayi da rana, in bar shi ya ci tuwonsa.

Washegari aka sake. Jibi ma haka. Tun ina gudu har na koma ina maƙalewa a jikin katanga ina karanto duk addu'ar da na iya, kunne kuma yana aikinsa. Na lura da wani abu da ya ƙara tayar mini da tsikar jiki: muryar ta Baba Akawu ce, amma kamar ba tasa ba. Wani lokaci ta yi kauri, wani lokaci ta tsinke ta yi siriri kamar an shaƙe mai ita. Kuma yana tuntuɓe a kalma. Sai in ji Hajiya a hankali tana cewa, "A'a, sake dubawa," shi kuma ya sake. Mutumin da ya yi shekaru yana karatu kamar ruwa. (Wallahi abin da na ce a raina shi ne, ashe mutuwa har karatu take rage wa mutum.) Daga baya na yi wa kaina fatawa: ba shi ba ne, tunda mamaci ba ya dawowa. Aljanin gidan ne, wanda ya daɗe yana saurare kamar yadda nake yi, yanzu ya samu kujera ba kowa ya hau.

Na ce bari in je in gani da idona. Da hantsi na zuba kunun gyaɗa a kwano na shiga gaishe ta. Gidan a share, shiru, sai ƙamshin tsohon turare. Hajiya tana kan darduma da carbi, fararen idanunta suna kallon wani wuri a bayan kafaɗata. Ga kujerar nan a gefen taga. A kan hannunta littafi a kife, an sa tsinken tsintsiya a tsakiya. A ƙasa kofi da sauran ruwa.

Na yi ta kewaye-kewaye, ya haƙuri, ya zafi, ya kaɗaici. Ta yi murmushi ta ce, "Kaɗaici da sauƙi, Maman Husna. Akawu bai bar ni haka ba. Kullum bayan azahar ana zuwa a yi mini karatu."

Na ce, "Wa yake zuwa, Hajiya?"

"Ya roƙe ni kada in faɗa. Na kuwa yi masa alkawari."

"Kina... kina ganinsa?"

"Da wane idon? Ina dai jin shigowarsa. Ba ya taka ƙasa da ƙarfi."

Ban tsaya karɓar kwanona ba.

A nan ne na yi abin da duk mai hankali ba ya yi: na je kitso. Ladidi tana tsaga mini kai na ce, "Zan faɗa miki wata magana, amma ta tsaya tsakaninmu." Ta ce, "Haba, kin san cikina rijiya ne." Rijiya ce kuwa, irin wadda kowa yake ɗiba. Kafin mako ya zagayo labarin ya je Daurawa ya dawo da ƙari. Wai an ga Baba Akawu da farar riga yana alwala. Wai tabarau ɗinsa yana tashi da kansa ya hau iska. Yara suka daina bin ƙwallo in ta faɗa gidan. Abin da ya fi damuna, ɗan garuwa ya ce shi ba zai ƙara shiga da ruwa ba, sai dai ya ajiye a ƙofa. Baiwar Allah tana takaba, ba ta gani, ga shi an fara gudun gidanta. Maimakon in gane bakina ne ya jawo, sai na ga ai aikin ceto ya same ni.

Har yaron nan na ja wa kunne. Na ce, ina kallon bango kamar yadda na saba, "Kai, kada in ji ka bi ta ƙofar gidan Hajiya." Ya sunkuyar da kai ya ce, "To." Na ji "to" ɗin ta fito a dishe. Na ce mura ce take son kama shi, na dafa masa citta da kanumfari. Kun ji rediyon unguwa.

Na matsa wa maigidan har ya gaji ya ce zai dawo cin abincin rana ya ji da kunnensa, don a huta. Ladidi ta samo wani Malam Isiyaku mai ruƙiyya daga Babban Giji. Ni kuma na tanadi tazargade da habbatus sauda, na hura gawayi a kasko. Da aka idar da azahar muka taru a ƙofar gidan Hajiya: ni, Ladidi, wasu matan layi da suka ce sun zo taya addu'a (kallo suka zo), sai maigidan da Malam. Na leƙa ɗakin yaron nan kafin in fito, ba ya nan, na ce gara ma, kada ya ga abin da zai hana shi barci.

Saboda takaba, maza suka tsaya a zaure. Zauren duhu, da sanyi-sanyi, ga tsohon keken Baba Akawu a jingine, ga takalmansa a inda ya bar su. Muka yi cirko-cirko. Ba ka jin komai sai ƙarar gawayi a kaskona. Har maigidan ya fara cewa, "To, ina..." sai kujera ta yi ƙara a can ciki.

Gyaran murya.

"To, Hajiya, ina muka tsaya?"

Wata daga cikin matan ta saki salati ta fice, ta bar takalmi ɗaya. Ladidi ta riƙe hijabina har tana shaƙe ni. Na waiwaya na ga Malam Isiyaku ya daina jan carbi. Maigidan kuwa, mai cewa rediyo ce, fuskarsa ta yi fari kamar an shafa toka. Muryar ta ci gaba, a natse, tana hawa tana sauka, mai fataucin nan ya iso bakin wani kogi. Duk tsoron da ake ciki sai da aka saurara, don labarin yana da daɗi. Sai na ji maigidan ya matsa kusa da Malam yana raɗa (ya manta wadda ya aura): "Malam, ko ma mene ne wannan, ya iya karatu. Da nawa zai iya rabin haka, ai da na huta."

Malam ya ce mata su fara shiga su gyara wa Hajiya lulluɓi, sannan shi ya shigo. Kowa ta kalle ni. Ni na kawo magana, ni ce mai kasko. Na zuba tazargade, hayaƙi ya turnuƙe, na ratsa tsakar gidan nan har ƙofar ɗakin Hajiya. Labulen ɗakin yana ɗan motsi alhali ba iska. Ta ƙasansa na hango ƙafafun kujera, da wasu ƙafafu biyu, ba takalmi. Na tuna an ce nasu kofato ne, amma ban tsaya ƙirga yatsu ba. Na rufe ido, na banke labule, na miƙa kaskon gaba, na ɗaga murya yadda na ji masu ruƙiyya suna yi:

"Na haɗa ka da girman Allah, ko kai wane ne, ka faɗi sunanka, ka faɗi wanda ya turo ka gidan nan!"

Karatu ya tsaya. Sai tari. Sai wata murya, rabi kauri rabi siriri, ta ce:

"Umma, ni ne."

Na buɗe ido. Cikin hayaƙi, ga ɗan da na haifa a kan kujerar Baba Akawu, da wandon makaranta, littafi a hannu, yatsansa a kan layi, idanunsa sun yi ja saboda tazargade.

Hajiya ta gama tarinta, ta gyara zama, ta ce, "Faɗa mata sunanka mana, Abba. Ita ba ta iya faɗa, wataƙila shi ya sa ta manta."

Ladidi ce ta fara. Dariyar ta taso mata tun daga ciki har ta zauna a ƙasa. "Rediyon unguwa," in ji ta, tana share hawaye. "Kin kamo Daurawa, kin kamo Tarauni, tashar gidanku ce ba ta shiga." Matan da suka gudu suka dawo, har da mai takalmi ɗaya. Ni kuwa ina tsaye da kasko, na rasa inda zan ajiye shi, na rasa inda zan ajiye fuskata. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige na ja ta na rufe.

Hajiya ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Tun Akawu yana da rai yaron nan yake zuwa. Ya zauna a tabarma yana bin layi da yatsa, Akawu yana karantawa. Bai taɓa buɗe baki ba, ya ce a gidansu an ce boko da ido ake yi. Bayan rasuwa ya shigo gaishe ni, ya tarar ina shafa littafin da muka bari a tsakiya. Ya ce, Hajiya, in gwada ƙarasa miki? Ranar farko shafi ɗaya sai da muka yi ta fama. Bai san wata hanyar karatu ba sai ta Akawu, shi ya sa ya ɗauko har da tarinsa."

Na ce, da muryar da ni ma ban gane ta ba, "Amma Hajiya, na ji kina gyara masa. Ke da..."

"Ni da ba na gani? Ko da ina gani ban iya ba. Ban taɓa shiga aji ba, ke kin fi ni. Amma in magana ta karkace kunne yana ji. Ni ba abin da na ba yaron nan sai kunne. Ke kuma da aka ce duk unguwa ba mai irin naki, kin kai shi gidan kowa ban da ɗakinsa."

Wannan ta fi dariyar Ladidi zafi.

Sai aka yi sallama daga zaure. Maigidan ne, muryarsa wata iri. "Hajiya, a gafarce mu. In ba damuwa, a ce ya ci gaba daga inda ya tsaya."

Yaron ya kalli labule, ya kalli matan da suka cika ƙofa, ya kalle ni. Na ga abin da malaminsu ya faɗa da idona: ya sandare kamar an dasa shi. Na san in ya kasa a nan, gaban babansa, zancen gareji ya tabbata. Bakina ya buɗe zai ce wani abu, ban ma san me ba.

Hajiya ta ce, "Maman Husna, fitar da kaskon nan ki dawo ki zauna. Ba a ce ki yi magana ba. Ku kuma masu taya addu'a, an gode, a sauka lafiya."

Na dawo na zauna a ƙasa kusa da ƙafar kujera, ni da ko tabarma ɗaya ban taɓa haɗawa da shi ba. Na kafa ido a kan siminti. Can sai na ji gyaran murya a saman kaina, ƙarami. Ya fara, ya yi tuntuɓe a kalma ta uku, ya tsaya. Na ciji harshena. (A duk rayuwata ban taɓa aikin da ya kai wannan shirun wuya ba.) Hajiya ta ce, "Sake dubawa." Ya sake, ta fita. Daga nan ya tafi, mai fatauci ya haye kogi, har ya iso garinsu aka fito tarbarsa. Da ya kai ƙarshen shafi, daga zaure muka ji an ce, "Allah mai iko." Babansa ne.

Malam Isiyaku ya yi wa yaron addu'a ya tafi, yana cewa irin wannan aljanin a bar shi, a ma ƙaro. Da yamma na aika aka kira ɗan garuwa, na tsaya a kansa har ya cika wa Hajiya randa, na kuma bi gida-gida ina janye labarin da na shuka, wanda ya fi shuka shi wuya nesa ba kusa ba. Kwanona na kunun gyaɗa ma sai a ranar na karɓo.

Zancen gareji bai sake tasowa ba. Da sakamako ya fito ba na ɗaya ya zo ba, kada in yi muku ƙarya, amma ya bar ƙasa, kuma malaminsu ya ce yanzu in an ce wa zai karanta, yakan ɗaga hannu, sai dai ba a san dalilin da yake gyaran murya kamar tsoho ba. Maigidan ya ce in an yi hutu zai iya zuwa wurin Oga Sale ya koyi abin da ya koya, amma makaranta tana nan.

Teburin nan yanzu tsakar gida yake, ƙarƙashin darbejiya. Bayan azahar yaron yana gidan Hajiya, wannan ba mai taɓa shi. Bayan la'asar kuma nawa ne. Ina ɗinki yana karantawa, na Hausa da na makaranta duka. Turanci ko zo in kashe ki ba na ji, amma in ya yi tuntuɓe ina ji, sai in ce, "Sake dubawa." In labari ya yi daɗi in tambaye shi me ya sa wane ya yi haka, ya yi ta bayani, ashe yaron nan surutu ne da shi, gado ya yi. Har yau ban kama sunansa ba, kuma ba na jin zan fara. Amma na gane kunyar ɗan fari baki ta hana, ba ta ce a toshe kunne ba.

Sunan rediyon unguwa dai ya tafi. Yanzu in na wuce, yaran layi sai su yi gyaran murya su ce, "To, Hajiya, ina muka tsaya?" Ni kuma abin da na koya shi ne, in ka ji baƙuwar murya a bayan katanga, kafin ka hura gawayi ka tara jama'a, fara leƙa ɗakin ɗanka ka ga ko yana nan.